Musu a Gindin Darbejiya

Da la'asar a Wad Madani,
in kogi ya fara shan inuwa,
mukan haɗu a gindin darbejiya
inda Sittana ke dafa gahawa.
Mu huɗu, kujerun roba uku,
musu ɗaya, yau shekara tara.

Bakhit mai walda ke buɗe fage.
Wai 'yan Tsatsa sun mutu tun faifan farko.
"Gishiri," in ji shi, "shi ne rok.
Lokacin yaran bakin teku ne,
jitar aro, lasifika mai tari,
a sito suka naɗe shi cikin kwana biyu,
kana jin ƙarfe na cizon ƙarfe.
Duk abin da ya biyo baya
ganyen shayi ne da aka dafa sau uku."

Zulaiha ta kantin magani ta dire kofi.
"Kai injin yankan ƙarfe ya cinye maka kunne.
Ihu ba gwaninta ba ne.
Je ka saurari Gilashi, na ukun,
inda Mujtaba ya koyi yin shiru,
ya bar tsirkiya ɗaya tana kuka
kamar ƙyauren gidan da aka tashi.
Na farkon ƙuruciya ce kawai da gumi."

"Kuɗi ne suka koya masa shirun!"
"Kai kuma hassada ta koya maka ihun!"

Baba Ilu, tsohon direban jirgin ƙasa,
ya ce duka tarkace ne,
gwangwani ɗaure a wutsiyar jaki,
ya sha jin irinsa kyauta a garejin Atbara.
Amma ni ina kallon babban yatsansa
a bakin silifa:
in an zo wurin gangar nan mai gudu
sai ya bi ta, daram daram,
kamar ƙafar jirgi a kan dogo.
Ban taɓa tona shi ba.

Ni ba a tambayata.
An san nawa, an yi dariya har an gaji.
Na biyun nake so, Jirgin Dare,
wanda ko masu shi sun daina ambata,
wanda mai kaset a babbar kasuwa
ke bayarwa gyara in ka sayi biyu.
Na yarda mura ta shaƙe mawaƙin.
Na yarda waƙa ta shida ta yi tsawo
kamar layin burodi.

Amma a waƙa ta huɗu, minti na uku,
tsirkiya ta tsinke, tas,
mai ganga ya tuntsire da dariya,
ba su tsaya ba, ba su goge ba.
Yayana Nafi'u kan mayar da kaset wurin nan
da biro, don kada batir ya ƙare,
sau goma a dare, muna kwance a tsakar gida,
ya ce, "Ji, Hamisu, ji!
Haka mutane suke."
Ya tafi arewa haƙar zinariya.
Shekara shida ke nan,
ba saƙo, ba gawa.

To yaya zan kawo wannan gaban Bakhit
in ce hujja ce?
Sai in ce, "Ni dai gangar ce ta yi mini,"
su sake kwashewa.

Magariba ta kawo jiki.
Sittana na kife kofuna, ta ce
ita kiɗan da ya fi mata daɗi
ƙarar kuɗi ce a farantinta.
Zulaiha ta biya.
Bakhit ya ce gobe zai zo da hujjar
da za ta rufe bakin kowa,
kamar yadda ya ce jiya.

Baba Ilu ya miƙe da ƙyar,
ya karkaɗe jallabiya, ya nufi masallaci,
yana fito ƙasa-ƙasa don kada a ji,
kuma wallahi waƙa ta huɗu ce.